Takardar Gusau da Tandun Kwalli

A shekarar da na gama sakandare a Anka, wato 2011, abu ɗaya nake so a duniya: in sami gurbi a makarantar koyon aikin jinya da ke Gusau. Ba zan yi ƙarya in ce tausayin marasa lafiya ne ya fara sa min wannan buri ba. Littattafai ne. Tun ina aji biyu nake karɓo hayar littattafan soyayya a wani shago da ke bakin kasuwa, in cusa su cikin littafin lissafi in yi ta karantawa a bayan aji. A cikinsu yarinyar kirki takan sha wuya a littafi na ɗaya da na biyu, amma a na uku sai ka same ta cikin fararen kaya, tana tafiya a barandar asibiti, takalminta na ƙwas-ƙwas, makullin mota a hannu. Ni kuwa ban taɓa riƙe makullin komai ba sai na akwatin ƙarfen Inna. Duk da haka na sa wa raina cewa ina cikin littafi na ɗaya ne, na uku yana nan tafe.

Baba masinja ne a sakatariyar ƙaramar hukuma, yana kuma noma gero da dawa a wata gona da ya gada. Ni ce babba a gidan. Akwai ƙannena maza biyu, sai autarmu, wadda Inna ta haifa a farkon wannan shekarar, bayan kowa ya ɗauka ta gama haihuwa. Inna kunyar goyon take ji, don haka kusan a bayana yarinyar ta yi wayo. Ni ke yi mata wanka, ni ke shafa mata hoda, har maƙwabta na tsokanata suna cewa na riga aure haihuwa.

Shekara guda kafin nan ne yara suka fara mutuwa a ƙauyuka irin su Yargalma da Tungar Guru. Mazan can suna haƙo duwatsun zinari, su kawo gida, mata su daka a turmi ko a kai inji a niƙa, ƙurar ta bi tsakar gida inda yara ke rarrafe. Daga baya aka gano cewa akwai gubar dalma a cikin duwatsun. Wasu likitoci suka zo daga waje, aka buɗe ɗakin kwantar da yaran a asibitin garinmu. Suna neman wanda ya iya ɗan Turanci don ya tsaya tsakaninsu da iyaye mata. Ina zaune ina jiran sakamakon jarrabawa, wata malamarmu ta kai ni.

Aikina bai da yawa, amma ba ya ƙarewa. Ina fassara. Ina riƙe hannun yaro idan za a ɗebi jininsa. Babban aikina kuwa ba da magani ne. Wani ƙwanso ne mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, a buɗe shi a zuba a cokali, a gauraya da zuma, a lallaɓa yaro ya haɗiye. Yawancin yara sukan furzar. Ni na gano cewa idan ka fara lasa musu zumar zalla a leɓe, kana yi musu waƙa, ka jira sai sun buɗe baki don ƙari, to sai cokalin ya shiga. Har aka san ni da wannan. Akwai wata Bafulatana da ɗanta ya ƙi kowa, kullum sai ta bi ni har bakin famfo ta ja min gefen hijabi. Idan za a sallami uwa kuma, ni ke karanta mata sharuɗɗa: kada a kawo dutse gida, kada a daka shi a turmin hatsi, maigida ya yi wanka ya sauya tufa kafin ya ɗauki yaro. Na faɗi wannan sau ba adadi, har ina iya faɗa ina tunanin wani abu daban.

Abin da ake ba ni a wata ya fi albashin Baba. Ban taɓa faɗa masa ba, amma ya sani.

Wanda nake so kuwa, a gidanmu ba a kiran sunansa, sai dai ƙannena su shigo da gudu su ce mai babur ya zo. Asalinsu daga wajen Bukkuyum suke. Ya yi shekara guda a kwalejin horar da malamai, ya dawo hutu, ya bi wani ɗan'uwansa ramin haƙar zinari don ya sami kuɗin komawa, daga nan bai koma ba. Yana da dogon wuya da wata 'yar wushirya, kuma idan zai yi dariya sai ya fara sunkuyar da kai. A littattafaina jarumi matuƙin jirgin sama ne ko ɗan kasuwar da ya dawo daga Turai. Ni dai na ɗauki fuskar mai babur na liƙa musu duka.

Yakan zo zance ranar Juma'a bayan la'asar. In shimfiɗa tabarma a ƙofar zaure, ƙawata ta zauna a gefe a matsayin 'yar rakiya. Ita ƙawar tawa 'yar mai awon hatsi ce a unguwarmu, ajinmu ɗaya, kuma tare muka cike takardar neman shiga makarantar Gusau. Ba ta karanta littattafan soyayya. Ta ce duk wanda ya rubuta su bai taɓa sayen gishiri ba.

Na kafa masa doka, kuma ina alfahari da ita. Ba zai zo daga wurin inji kai tsaye ba. Sai ya yi wanka, ya sa wankakkun kaya, takalminsa kuma ya tsaya can nesa da tabarma. Har farcensa nakan duba.

“Malam, ya ɗalibai?” Haka ƙawata ke tarbarsa, don ta san ya bar karatun malanta.

“Ɗalibaina suna cikin buhu, Sista, kuma ba su yi min surutu.”

“Awo, ba su surutu. Hanci suka shiga.”

“Ke dai hwaɗi. Malamin da yak koya min lissahi har yau keke shika hawa, keken ma ba birki, da ƙahwa shika tsai da shi. Ni wata shida niy yi a rami, ga babur can, je ki taɓa.”

“Babur na biyan fansho?”

“Wa yag ga fansho? Sai dai a ji ta a rediyo.”

“To ramin in ya ruhta maka, rediyon ma ba ka ji.”

Sai ya sunkuyar da kai ya yi dariya. Ya ce ita ma ba don Allah za ta yi karatun jinya ba. Ta ce ai ba ta ɓoye ba. Ta zauna ta duba duk sana'o'in garin nan, ta ga zinari na iya ƙarewa, gwamnati na iya sauyawa, amma mata ba za su daina haihuwa ba. Albashin kaɗan ne, amma yana da wata, watan kuma yana da magaji.

Ni ba na iya irin wannan lissafin. Abin da nake so shi ne ya koma kwaleji, ya zama shugaban makaranta, ni in zama babbar nas, mu riƙa fita da safe a mota ɗaya. Wata rana na faɗa masa haka, har na ƙara da cewa ba na son in auri mutumin da ke ci daga dutsen da ke kashe yara. Bai yi dariya ba ranar.

“Likita,” ya ce, don haka yake kirana, “ke daga ina kika ci? In babu dutsen nan, wa za shi ba ki aiki a asibiti? Ni ina ci daga bakinshi, ke kina ci daga wutsiyatai.”

Na yi fushi har Juma'a biyu ban fito ba. Ba don ya yi ƙarya ba.

A Juma'a ta uku ya zo da abin ba da haƙuri. Ya ciro wani ƙyalle fari daga aljihu, ya kwance a tafin hannunsa. Wani ɗan dutse ne, bai kai ƙwan zabo ba, baƙi-baƙi mai ruwan toka, yana da kusurwoyi kamar an yanka shi da wuƙa. Da ya juya shi a rana sai ya yi ta walƙiya. Ban taɓa ganin abu mai kyau irinsa ba.

“Ka san ba a kawo dutse gida,” na ce.

“Wanga ba na zinari ba na. Ba kome cikinai, zubar da shi muka yi. Dutsen kwalli na, irin wanda tsohi ka niƙa. Na gan shi cikin rami shina ƙyalli, sai nit tuna idonki.”

Ƙawata ta ce, “Allah shi kyauta. Wasu a kai musu zobe, ke an kawo miki tsakuwa.”

Na karɓa. A kaina dutsen guba shi ne wannan jan dutsen da ake zubawa a buhu a kai inji. Dalma kuma, a sanina, wani baƙin ƙarfe ne mai nauyi da masunta ke ɗaura wa taru. Ban taɓa kawo wa raina cewa dalma na iya yin ƙyalli ba. Kwalli kuwa kakata ta sa, Inna ta sa, kowace jaririya a garin nan da shi ake buɗe mata ido. Wataƙila an taɓa yin maganar kwalli a asibiti a gabana, ban ji ba. Abin da na ji kawai shi ne, mutum yana cikin duhun rami, ya ga haske, ya tuna da ni. A duk littattafan da na karanta babu jarumin da ya yi wannan.

Washegari da Inna ta tafi barka, na ɗauko ɗan dutsen niƙan kwallinta, na zauna a ɗaki, na fasa kyautar na niƙe ta lukwi. Autarmu tana zaune a cinyata tana miƙa hannu. Na cika wani ɗan tandu na fata da garin, na sa tsinke. Ya fi na kasuwa baƙi, kuma yana da wani sheƙi a gefen ido. A asibiti har ana tambayata inda na saya, in yi murmushi in wuce.

Kullum da safe idan na gama sa wa kaina, sai autarmu ta ɗago fuska. Sai in zizara mata. Ta saba har ta kai idan ta ga tandun sai ta zo ta tsaya a gabana ta ware ido. Idan na gama sai ta murje idon da hannu, ta sa hannun a baki. Wani lokaci in bar mata tandun ta yi wasa da shi don in samu in shirya, in dawo in same ta tana tsotsar tsinken, leɓenta baƙi ƙirin, in yi dariya in goge mata da gefen zane. Haka muka yi wata da watanni.

Takardar Gusau ta zo a ƙarshen daminar 2012. Ni da ƙawata duk an ɗauke mu. An rubuta ranar da za mu bayyana, mako uku daga ranar, kuma an ja layi a ƙarƙashin cewa wanda bai zo ba za a ba wani gurbinsa. Baba ya karanta ta sau biyu a tsaye, sannan ya zauna ya sake karantawa. Inna ta ce a kai wa tela farin yadi. Aka saya min akwati da bokiti. Mai babur ya ce shi zai kai ni tasha, kuma idan na fito nas ba zai ƙara biyan kuɗin allura ba har abada.

A cikin wannan murnar ba wanda ya kula sosai da autarmu. Ta yi kwanaki tana ƙin abinci, tana rigima, cikinta ya ɗaure. 'Yan kalmomin da ta fara faɗa, ruwa da Inna da wani abu da take kirana da shi mai kama da yaya, duk ta daina. Inna ta ce haƙori ne. Ni da nake ganin irin wannan kullum a wurin aiki, ni ma na ce haƙori ne, domin a gidanmu ba a taɓa daka dutse ba.

Saura kwana goma sha biyu in tafi, da hantsi, ina wanke cokula a bakin famfon asibiti, aka ƙwala min kira cewa an kawo yarinya tana jijjiga, in zo in fassara. Na shiga da gudu ina goge hannu. Bayan matar na fara gani, da zanen da ke jikinta. Zanen Inna ne, wanda na saya mata da albashina na farko.

Ban fassara komai ba ranar. Wani aka kira. Aka ɗebi jinin autarmu aka sa a 'yar na'urar da ke nuna yawan gubar. Na san na'urar. Idan abin ya wuce inda take iya aunawa ba ta ba da lamba, sai ta nuna alamar cewa ya yi yawa. Alamar ta nuna.

Kwana biyu bayan haka ma'aikata suka je duba gidanmu, ni na raka su. Suna da wata na'ura mai kama da ƙaramar bindiga da ake ɗorawa a kan abu ta faɗi ko akwai dalma. Aka ɗora a tsakar gida, babu. A turmi, babu. A zaure, babu. Na ɗauko tabarmar zance da kaina, don na riga na yanke wa mai babur hukunci a zuciyata. Aka ɗora, babu. Har sun fara naɗe kayansu, sai wata dattijuwar ma'aikaciya, wadda ta daɗe tana aikin unguwa-unguwa, ta tsaya tana kallon fuskata.

“Ɗiyata, wanga kwalli na idonki, ina kis saye shi?”

Na shiga ɗaki na ɗauko tandun a kan tarin littattafaina na miƙa mata. Aka zazzage kaɗan a takarda aka ɗora na'urar. Mai riƙe da ita ya duba, ya sake dubawa, sannan ya nemi leda ya ƙulle tandun da tsinken da dutsen niƙan Inna.

“Na kasuwar ma ba mu so a sa wa yara,” in ji dattijuwar, a hankali. “Wanga kuwa dalma ta zalla.”

Ni na faɗa wa Inna, a gefen gadon asibiti. Na faɗi komai, tun daga farin ƙyallen. Na so ta mare ni. Ta daɗe tana kallon yarinyar da ke barci, sannan ta ce, “Ya ko yi mata kyau.” Ba ta ƙara tayar da maganar ba, ranar ko bayanta.

Jijjigar ta tsaya, aka fara ba ta maganin nan mai wari. Ta ƙi karɓa a hannun Inna. Ta ƙi na sauran ma'aikata, ta riƙa datse haƙora tana juyar da kai. Ni kaɗai idan na lasa mata zuma a leɓe, na yi mata waƙar wanka, sai ta buɗe baki. Kwana ya riƙa tafiya. Tela ya aiko da fararen kayana, suna nan a leda a kan akwati.

Baba ya same ni a baranda. “Ki tai,” ya ce. “Ciwo na Allah na. Zamanki ba shi maida abin da yaw wuce.”

Dattijuwar ma'aikaciyar ma ta ja ni gefe. Ta ce wannan aikin da nake yi na ɗan lokaci ne. Baƙin nan za su naɗe kayansu wata rana, kuma ba su ba da shaidar karatu. Ta ce ta ga yara da yawa da albashin ya ruɗe su. Ta ce yarinya za ta saba da wani hannun idan yunwar zuma ta kama ta.

Inna kaɗai ba ta ce in tafi ba, ba ta kuma ce in zauna ba.

Na yi shekaru ina gaya wa mutane cewa don autarmu na zauna. Gaskiya ne, amma ba ita ce duka gaskiyar ba. Na yi lissafin da ban taɓa iyawa ba a kan tabarma. Idan na tafi, shekara uku ba abin da zai shigo daga wajena, sai dai a aika min. Idan na zauna, ga albashi duk wata, ga madara da kifi da ƙwai da aka ce a riƙa ba ta. Kuma ina tsoro. Ina tsoron in zauna a aji cikin fararen kaya ana koya min yadda ake kula da yara, ni da na yi wata da watanni ina zizara wa ƙanwata guba da hannuna ina yi mata waƙa. Na ce wa kaina mako guda kawai zan ƙara.

Ranar tafiya ƙawata ta biyo ta ƙofar asibiti a kan babur ɗin haya, akwatinta a gaban direba.

“Ina kayanki?”

“Ki yi gaba, ina nan tahe mako mai zuwa.”

“An ja layi a takardar, ko ba ki gani ba?”

“Na gani.”

“Wanga ba littahi ba na, da za a aje miki kujera har ki gama kuka.” Ta faɗa da faɗa, amma idonta ya cika. Mai babur ɗin haya ya ce rana na yi. Ta ce, “Allah shi ba ta lahiya,” suka tafi.

Mako ya zama wata guda da 'yan kwanaki kafin a sallami autarmu. Washegari na shiga motar Gusau da takardata. Ma'aikacin ofishin ya saurare ni har ƙarshe, ya ce Allah ya ƙara sauƙi, sannan ya nuna min jerin sunaye. An riga an kira na gaba. Ya ce in sake zana jarrabawar shiga baɗi, tunda na ci sau ɗaya zan sake ci. Na hangi ƙawata daga nesa a cikin layin ɗalibai, duk da fararen kaya. Ban bari ta gan ni ba.

Mai babur ya zo Juma'ar da ta biyo. Tun da abin ya faru bai tako unguwarmu ba. Ban fito da tabarma ba, shi ma bai nemi zama ba. Ya rame.

“Wallahi ban sani ba, Likita.”

“Na san ba ka sani ba. Kar ka ƙara ce min Likita.”

Ya ce zai ɗauki nauyin karatuna baɗi, ko a ina ne, ya ce ya samu wani rami mai kyau. Na tambaye shi ko zai bar ramin ya koma kwaleji. Ya ce idan ya bari, da me zai biya? Ban tsane shi ba, har yau ban tsane shi ba. Amma duk lokacin da na ɗago ido in kalle shi, sai in tuna abin da ya ce ya gani a rami ya tuna da shi. Na ce masa ya daina zuwa. Ya tura baburinsa har ƙarshen lungu kafin ya tayar.

Baɗi ta zo, gubar ta sake tasowa a jinin autarmu, aka sake kwantar da ita. Na ce sai wata baɗin. Kafin ta zo hanyoyi sun fara lalacewa, 'yan bindiga sun hana zuwa gonakin nesa, gonar Baba na ciki. Albashina ya zama shi ne hatsin gidan. Ƙannena maza suna makaranta. Ban ƙara zana jarrabawar ba. Na daina ma faɗin baɗi.

Daga baya yaran da ake kwantarwa suka ragu, aka rage ma'aikata, kamar yadda dattijuwar ta faɗa. Aka ba ni wata takardar godiya mai kyau, da tambari, an rubuta cewa na yi aiki da himma. Na kai aka manne min ita da leda don kada ta lalace. Na kai ta wurare uku neman aiki. Ko'ina sai a karanta, a ce madalla, sannan a ce ina shaidar karatun? Yanzu ina tsaron wani ɗan shagon magani a bakin tasha, na wani mutum ne. Masu saye suna ce min nas, na gaji da gyara musu.

Labarin mai babur yakan zo jifa-jifa. An ce ya bi ramuka har wajen jihar. Wani da ya gan shi ya ce hannunsa na rawa, kuma yakan manta maganar da ya fara. Ban sani ba ko gaskiya ne.

Ƙawata ta fito nas, aka tura ta wani asibiti a wajen Gummi. Ba ta da mota. Ta zo mana da ƙaramar Sallah ta 2019, ta zauna a ɗakin Inna tana ƙorafin cewa albashi na makara, dare da rana tana tsaye, ƙafafunta sun kumbura. Ta ce da ta sani da awon hatsi ta gada. Muka yi dariya. Da za ta tafi ta ce har yanzu ban tsufa da karatu ba, akwai masu 'ya'ya a ajinsu. Na ce to.

Autarmu tana da shekara takwas a lokacin. Tana tafiya, tana cin abinci da kanta, amma maganarta ba ta wuce kalma biyar ko shida ba, kuma makaranta ta dawo da ita tun a makon farko. Ba ta yarda kowa ya yi mata wanka sai ni. Da safen Sallar na yi mata, na shafa mata hoda, na sa mata sabuwar riga. Sai ta zo ta tsaya a gabana, ta ɗago fuska, ta ware ido, kamar yadda take yi kullum. Duk abin da ta manta, wannan bai tafi ba. A ɗakinmu babu kwalli tun daga waccan shekarar. Na wanke hannuna, na bi gefen idonta da ɗan yatsa, na dama sannan na hagu. Ta ƙifta, ta je gaban madubi ta duba.

Takardar Gusau tana cikin akwatin da aka saya min don tafiya, tare da fararen kayan da tela ya ɗinka. Ban taɓa gwada su ba.